Igiyar ƙarfe mai ɗauke da kaya: tambayoyi da amsoshi kan lissafin gadar rataye da makamantanta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin ɗaliban injiniyanci, masu walda, 'yan kwangila da shugabannin manoman rani a Katsina da Daura, duk lokacin da aka zo maganar rataya wani abu a jikin igiyar ƙarfe: gadar ƙafa a kan korama, bututun ruwa da zai tsallake kwazazzabo, rumfar inuwa a tasha, ko fitila tsakanin sanduna biyu. A duk amsoshin ana auna ƙarfi da kilonutan, a taƙaice kN. Kilonutan ɗaya ya kusa nauyin buhun masara mai kilo 100, goma kuma tan ɗaya ke nan. Inda muka ce “lotsawa”, muna nufin zurfin da tsakiyar igiya ta sauko ƙasa da miƙaƙƙen layin da ya haɗa bakunanta biyu.

1. Me ya bambanta igiya da azara ko bim wajen ɗaukar kaya?

Azara tana ɗaukar kaya ne da taurinta: samanta na matsewa, ƙasanta na miƙewa, ita kuma ta ƙi lanƙwasa. Igiya ba ta da wannan taurin. Ja kaɗai take jurewa, don haka idan aka ɗora mata kaya sai ta sauya siffa har ta sami yanayin da ja kaɗai zai riƙe kayan. Kaya guda a tsakiya, ta yi kusurwa kamar bakin mazurari. Kaya uku, ta karye gida huɗu. Kaya shimfiɗe tun daga wannan baki zuwa wancan, ta yi baka. A nan wahalar lissafinta take: ba a sanin ja sai an san siffa, siffar kuma kaya ne ke tsara ta.

Ribarta ita ce kowane silin waya da ke cikinta yana aiki, kuma wayar da ake tufka igiya da ita tana jure nutan 1570 zuwa 1960 a kowace murabba'in milimita, ninki uku zuwa huɗu na rodin gini. Shi ya sa gadojin da suka fi kowanne faɗin tsallake a duniya duk na rataye ne: gadar Canakkale ta Turkiyya da aka buɗe a 2022 tana da mita 2023 tsakanin hasumiyoyinta, Akashi ta Japan ta 1998 mita 1991, a Afirka kuma ta Maputo a Mozambik ta 2018 mita 680.

2. Injiniya, me zai hana a ɗame igiyar tam ta miƙe sambal? Ai ya fi kyan gani.

Ya fi kyan gani, kuma shi ne kuskuren da ya fi kowanne kayar da aiki. Igiya ba ta tallafe kaya sai ta karkata, domin ɓangaren ja da ke kallon sama shi ke riƙe nauyi, igiyar da ta miƙe sambal kuwa ba ta da wannan ɓangaren. Duk raguwar lotsawa ƙaruwar ja ce. Ga kaya guda P a tsakiyar tazara L mai lotsawa d, jan kwance shi ne H = P × L ÷ (4 × d).

Ɗauki fitila mai kilo 20, wato 0.2 kN, a tsakiyar waya mai tazarar mita 30. Idan aka bar lotsawar mita 1.5, H kilonutan 1 ne. Idan yaron aiki ya ga ba ta yi masa kyau ba ya ja ta har lotsawar ta koma santimita 30, H ya zama 5 kN, rabin tan ke nan saboda fitilar da yaro zai ɗauka a ka, ba a ma sa nauyin wayar kanta ba. Sai ka ga sandar fayif ta rusuna, ko bulon saman katanga ya tsage daidai inda aka kafa ƙugiya. Matan gida sun san wannan tun kafin mu: igiyar shanya da aka ɗame, jiƙaƙƙen bargo guda ya isa ya zare ƙusa daga bango.

3. Siffar igiya farabola ce ko katinari?

Ya danganta da yadda nauyin ya rabu. Idan nauyin igiyar kanta ne kawai, kamar wayar lantarki ko sarƙa, kowace mita ta jikin igiyar nauyinta ɗaya, siffar kuma katinari ce. Idan daɓen gada ne ke rataye a ƙasa, nauyin ya rabu daidai a kowace mita ta kwance, siffar kuma farabola ce. Galileo ya kwatanta sarƙa mai rataye da farabola a 1638, sai a 1691 Huygens da Leibniz da Johann Bernoulli suka fito da ainihin lissafin katinari.

A wurin aiki, matuƙar lotsawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na tazara ba, bambancin su biyun bai kai wanda ke cikin ƙiyasin nauyinka ba. Yi aiki da farabola. Katinari sai a igiya mai zurfin lotsawa ko mai gangara sosai.

4. Yaya ake lissafa ja a gadar ƙafa? A ba mu misali da lambobi.

A ce korama ce mai buƙatar tazarar mita 40, faɗin daɓe mita 1.2, lotsawa mita 4, jimlar nauyi w kuma 6 kN a kowace mita, kamar yadda aka haɗa shi a amsa ta 5. Jan kwance H = w × L × L ÷ (8 × d) = 6 × 1600 ÷ 32 = 300 kN. Wannan H bai canzawa daga wannan baki zuwa wancan, kuma a tsakiyar igiya shi kaɗai ne jan. A kowane baki akwai ɓangaren tsaye V = w × L ÷ 2 = 120 kN. Ja mafi girma yana bakin igiya, kusa da hasumiya: a ninka H da kansa, a ninka V da kansa, a haɗa, a ɗauki tushen murabba'i. Tushen 104,400 shi ne 323 kN. Manyan igiyoyi biyu, kowace ta ɗauki kusan 162 kN.

Yanzu a rage lotsawar zuwa mita 2 ba tare da an taɓa komai ba. H ya koma 600, ja mafi girma 612. A mayar da ita mita 1, H ya kai 1200 kN. Nauyin bai ƙaru ko da kilo ɗaya ba. A lura kuma tazara ninka kanta take yi a lissafin: idan aka ninka tazara aka bar lotsawa yadda take, H ninki huɗu zai yi. Sauran amsoshin duk a kan wannan gada ta mita 40 za su ɗora.

5. Wane nauyi ake sawa a lissafin?

Iri biyu. Na dindindin: katako ko farantin daɓe, ƙarafan da ke ƙarƙashinsa, maratayai, ragar gefe da igiyoyin kansu. A misalinmu mun sa 1.2 kN a mita. Sai mai zuwa ya wuce: ana sa 4 zuwa 5 kN a kowace murabba'in mita don cunkoson mutane. Huɗu sau faɗin 1.2 ya ba da 4.8, jimla 6.

Wani zai ce ina za a sami mutum biyar ko shida a murabba'in mita guda a ƙauye? Ranar kasuwa, ranar ɗaurin aure, da ranar da ruwa ya kawo aka taru a kan gada ana kallo. A nan ƙasar tamu a ƙara da garken shanu da babur mai buhu uku, waɗanda nauyinsu ke taruwa wuri ɗaya, don haka daɓe da maratayai lissafinsu daban ne. Idan bututu ne, a lissafa shi cike: mai faɗin milimita 150 yana ɗauke da kusan kilo 18 na ruwa a kowace mita, ban da nauyin jikinsa.

6. To wace lotsawa ce ta dace?

Ga gadar da ke da hasumiya, daɓe na rataye a ƙasa, ana zaɓar tsakanin kashi ɗaya cikin 8 da ɗaya cikin 12 na tazara. Ga wadda ake shimfiɗa daɓen a kan igiyoyin kai tsaye, kusan ɗaya cikin 20, domin idan ta fi haka gangaren bakin zai gagari tsoho da jaki, amma sai a shirya wa ja mai yawa da turke mai girma. Lotsawa mai zurfi tana rage kuɗin igiya da turke, tana ƙara tsawon hasumiya.

Abin da ke yanke hukunci sau da yawa shi ne ruwa. Kogunanmu irin su Gada da Karaduwa da rani yashi ne, da damina kuma cikin sa'o'i kaɗan su cika su batse, ɗauke da itatuwa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta nuna iyakar inda ruwa ke iya kaiwa. A tambayi dattawan wurin inda ruwa mafi girma ya taɓa tsayawa, a auna daga nan, a bar sarari isasshe ƙarƙashin daɓe bayan an sa ƙarin lotsawar da ke amsa ta 9 da ta 10.

7. Gaɓa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Lissafin ya canza?

Kaɗan. Idan aka auna d a tsakiyar tazara daga karkataccen layin da ya haɗa bakunan biyu, H yana nan yadda yake. Abin da ke canzawa shi ne rabon V: baki na sama ya ƙaru da H × h ÷ L, na ƙasa ya ragu da hakan, inda h ne bambancin tudun. Da h na mita 2, na sama 135 kN, na ƙasa 105, ja mafi girma 329 kN a baki na sama. Wuri mafi ƙasa a igiyar ya gusa zuwa mita 17.5 daga gaɓar ƙasa, kuma a nan ake duba tsayin ruwa.

8. Mita nawa na igiya zan saya?

Tsawon bakan shi ne S = L + 8 × d × d ÷ (3 × L). Ga tamu, 40 + 128 ÷ 120 = mita 41.07. A ƙara igiyar baya daga kan hasumiya zuwa turke a ɓangarorin biyu, da abin da zai zagaya turke, da jelar da za a kama da kilif, da rarar da injin ja zai kama. Kada a yarda da haɗi a tsakiyar tazara.

Duba lambar nan da kyau: mita 1.07 kacal ta haifar da lotsawar mita 4. Ƙaramin canji a tsawo babban canji ne a lotsawa, ninkin kuma shi ne 3 × L ÷ (16 × d). A lotsawar mita 4, santimita 1 na ƙarin tsawo yana saukar da tsakiya kusan santimita 1.9. A lotsawar mita 1, santimita 7.5. Shi ya sa ba a saita igiya da awon tsawonta. Da awon lotsawarta ake saita ta, kamar yadda yake a amsa ta 17.

9. An gama ɗaure igiya daidai, bayan mako biyu ta sauko. Me ya faru?

Abu uku ne ke jawo haka, biyu na al'ada, ɗaya na haɗari. Na farko, sabuwar igiya silinta ba su gama zama a jikin juna ba. Da ta ji kaya sai tufkar ta matse, ta ƙara tsawon da ba ya komawa, kwata zuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari ga mai zuciyar ƙarfe, fiye da haka ga mai zuciyar zare. A mita 41 santimita 10 zuwa 20 ke nan, a lotsawa kuma kusan ninki biyu. Maganinsa a sayi wadda aka riga aka miƙar a masana'anta, ko a bar hanyar sake ɗamewa.

Na biyu, miƙewa irin ta roba, mai komawa: ja sau tsawo, a raba da E sau A. Tufkakkiyar igiya E ɗinta kusan 100 kN ne a murabba'in milimita, rabin na sandar ƙarfe, saboda murɗin da ke cikinta. A kuma ainihin naman ƙarfen ne, kusan murabba'in milimita 470 ga igiyar milimita 32, ba dukan da'irar ba. Idan gada ta cika da mutane, ja ya ƙaru da kusan 125 kN a kowace igiya: 125 × 41,000 ÷ 47,000, kusan santimita 11, tsakiya ta sauko kamar santimita 20. Da lotsawa ta koma 4.2, H ya ragu zuwa kusan 286, sai a sake lissafin miƙewar da sabon jan. Zagaye biyu ko uku lambobin ke tsayawa. Na uku shi ne igiya na zamewa cikin kilif ko turke na motsi, a duba amsa ta 12 da ta 14.

10. Zafin Katsina yana da tasiri?

Yana da shi. Ƙarfe na ƙara milimita 0.012 a kowace mita idan zafi ya hau digiri ɗaya. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu, bambancin digiri 30 ba abin mamaki ba ne, ƙarfen da ke rana ma ya fi iska zafi. A igiyarmu wannan santimita 1.5 ne, a lotsawa kusan 3. Ba komai ba ne. Amma ga igiya mai lotsawar mita 1 zai kusa santimita 10, kuma haɗarin yana ta ɗaya gefen: wadda aka ɗame tam da tsakar ranar bazara, sanyin Janairu zai tsuke ta ya ƙara mata ja. Alminiyon da ke wayar lantarki kusan ninki biyu na ƙarfe yake miƙewa, abin da ya sa wayoyi ke saukowa da zafi. A rubuta zafin ranar da aka saita igiya a littafin aiki.

11. Wane kauri zan zaɓa?

Igiyar ƙarfe mai tufka shida da zuciyar ƙarfe, mai daraja 1770, tana tsinkewa a kusan 0.63 × kauri × kauri, kauri a milimita, amsa a kN. Milimita 12 kusan 91, 20 kusan 252, 26 kusan 426, 28 kusan 494, 32 kusan 645. Mai zuciyar zare a sa 0.58. Ga igiyar gada da ke tsaye wuri ɗaya, a ninka jan aiki aƙalla sau 3. Namu 162 × 3 = 486 kN. Da ido 28 ta isa, amma kilif yana cin kashi 20 cikin ɗari na ƙarfin igiya, sai ta koma 395. Ta 32 ta koma 516, ita ce ta wuce. Ƙananan igiyoyi huɗu sun fi manya biyu sauƙin ja da hannu, kuma idan ɗaya ta sami matsala akwai masu riƙewa.

Waɗannan lambobin na sabuwar igiya ce mai takardar gwaji daga masana'anta. Tsohuwar igiyar kuren ko ta lifta da ake samu wurin 'yan gwangwan an cire ta ne don ta gaji, kuma gajiyar a ciki take inda ido bai kai. Ta yi shingen gona, ba ta yi gada ba. Wajen awon kauri, a kama kalifa daga ƙololuwar tufka zuwa ƙololuwar da ke fuskantarta.

12. Yaya ake kama bakin igiya da kilif?

Kilif yana da sirdi da ƙarfe mai siffar U. Sirdin yana zama a kan igiyar da ke ɗauke da kaya, U ɗin kuma a kan jelar da aka lanƙwaso, dukansu suna kallon gefe ɗaya. Idan aka juya, U ɗin zai murƙushe silin igiya mai aiki. Tazara tsakaninsu kusan ninki shida na kaurin igiya. Ƙirarrun kilif masu kyau: uku ga milimita 13, huɗu ga 19, biyar ga 26, bakwai ga 32. A sa ƙarfen kariya a cikin lanƙwasar don kada igiyar ta karye a kan ƙugiya. A ɗaure notin bi da bi, a sake ɗaurewa bayan igiya ta ɗauki kayan farko, domin tana sirancewa idan ta ji ja.

Sannan a shafa jan fenti a jikin igiya daf da kilif na ƙarshe. Ranar da aka ga farin ƙarfe tsakanin fenti da kilif, ta zame. Abu biyu haramun ne: ƙulli da walda. Ƙarfin silin waya daga jan da aka yi mata a sanyi ya samo asali, wuta na taɓa ta ya tafi.

13. Wane ƙarfi ke sauka a kan hasumiya?

Igiyarmu tana isa hasumiya da gangaren 4 × d ÷ L = 0.4, kusan digiri 22. Idan igiyar baya ta sauka da wannan gangaren, jan kwance na ɓangarorin biyu ya kashe juna, hasumiya ta ɗauki danni kawai, 120 + 120 = 240 kN. Idan fili ya yi kaɗan aka matso da turke har igiyar baya ta tsaya a digiri 45, domin ta riƙe H na 300 sai janta ya kai 424 kN, dannin kan hasumiya ya zama 420, kuma igiyar baya ce yanzu ke tsara kaurin da za a saya. Idan kuma igiyar na zamewa a kan sirdi, ja ya zama ɗaya gaba da baya, ragowar jan kwancen zai tura kan hasumiya zuwa kogi. Sirdin ya kasance mai faɗin baka, ba kaifin ƙarfe ba.

14. Yaya girman turke zai kasance?

Duk lissafin da aka yi a sama a nan yake ƙarewa, kuma nan ne ake yawan rowar siminti saboda a binne yake ba mai gani. Turken kowace gaɓa yana fuskantar ja 300 kN zuwa kogi da ɗagawa 120 kN zuwa sama. Idan nauyinsa kaɗai zai riƙe shi, a cire ɗagawar daga nauyin, a ninka da gogayyar ƙasa, kusan 0.5 a yashi, amsar ta kai ninki 1.5 na jan kwance. Wato nauyin ya kai 1020 kN. Kankare yana da kusan 24 kN a kowace mita mai kusurwa shida, don haka ana neman kamar 43, dunƙule mai mita 4 da 4 da zurfin 2.7. Ɗaki guda ne na kankare, kuma biyu ake so.

Ana rage wannan ta hanyar binne turken ƙasar gabansa ta tokare shi, ko cika cikinsa da duwatsu, ko kafa shi a jikin dutse inda akwai, kamar wasu wurare a yankin Dutsin-Ma. Sai dai ƙasar gaban tana aiki ne muddin tana nan. Jigawar Daura ruwa ɗaya ke yanka mata kwazazzabo, don haka a ja turke baya sosai daga gaɓa, a karkatar da ruwan sama daga gare shi. Idan ruwa zai iya rufe shi, kankaren da ke cikin ruwa nauyinsa 14 ne ba 24 ba.

15. Me ya sa gada ta fi motsi idan rabinta kaɗai ke da mutane?

Domin siffar igiya bin kaya take yi, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 1. Cikakken kaya yana ba da ja mafi girma, amma siffar ba ta canzawa. Idan garke ya shigo ta gefe ɗaya, wannan rabin ya nutse, wancan ya tashi, ba tare da igiyar ta miƙe ba. Abin da ke hana wannan shi ne nauyin dindindin, wanda ke riƙe igiyar a ɗame, da kuma taurin daɓe. Gada mara nauyi ta fi araha, ta kuma fi rawa. A lissafa yanayin biyu: cikakken kaya don zaɓen igiya da turke, rabin kaya don motsin daɓe.

16. Iska fa?

Dannin iska a nutan kan murabba'in mita kusan 0.6 × gudu × gudu ne, gudu a mita cikin daƙiƙa. Guguwar farkon damina mai mita 30 a daƙiƙa tana danna kusan 0.55 kN a kowace murabba'in mita. Ga rumfar tamfol wannan ya fi nauyin tamfol ɗin nesa ba kusa ba, kuma yana iya ɗagawa sama. Ruwan da ya kwanta a tamfol ma kaya ne: zurfin santimita 10 kilonutan 1 ne a murabba'in mita, yana ƙara lotsawa, lotsawar na ƙara tara ruwa. Ga gada, a sa raga a gefe maimakon kwano, a ɗaura igiyoyin iska daga daɓe zuwa gaɓa hagu da dama.

Rawa kuma daban take da danni. Gadar Tacoma a Amurka, mai tazarar mita 853, ta faɗi ranar 7 ga Nuwamba 1940, wata huɗu da buɗe ta, a iskar da ba ta wuce kilomita 70 a awa ba, saboda siririn daɓenta ya shiga murɗawa iska na ƙara masa. Gadar Millennium ta Landan an rufe ta kwana biyu da buɗewa a Yunin 2000: tana lilo gefe da gefe kusan sau ɗaya a daƙiƙa, masu tafiya na daidaita takunsu da lilon ba da saninsu ba, lilon na ƙaruwa. Sai a 2002 aka sake buɗe ta bayan an sa mata na'urorin shanye motsi.

17. Yaya ake auna lotsawa a wurin aiki?

A sa alama a jikin hasumiya biyun, kowace a zurfin d ƙasa da sirdi. Mutum ya sa ido a alama ɗaya yana hangen ɗayar, ana sassauta igiya ko ana ja har cikinta ya taɓa layin ganinsa. Da na'urar safiyo ya fi daidai. A tuna lotsawar ranar ɗaurewa, lokacin da igiya ba kaya, dole ta gaza ta ƙarshe da gwargwadon abin da amsa ta 9 ta nuna.

Ga igiyar da ba a rataya mata komai ba akwai wata dabara. A buge ta kusa da baki ɗaya, a riƙe da hannu, za a ji bugun ya je ya dawo. A ƙirga daƙiƙun dawowa uku, a raba da uku, a ninka amsar da kanta, a ninka da 0.306. Dawowa uku a daƙiƙa 6 na nufin 2 × 2 × 0.306, lotsawar mita 1.2. Wannan ba na wayar da ke da wuta ba ne.

18. Me ake dubawa bayan an fara amfani da ita?

Tsatsa, kuma a wuraren da ba a so a duƙa: inda igiya ta shiga kankare ko ƙasa, ƙarƙashin kilif, kan sirdi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa yake da rufin tutiyar da ya goge. A naɗa tsumma a bi jikin igiya da shi, zai maƙale a duk silin da ya tsinke. Fiye da sili biyu a tsawon murɗi ɗaya, ko fiye da ɗaya a bakin kilif, igiyar ta gama. A shafa giris, a share ƙasa da ciyawa daga bakin turke, a auna lotsawa a kwatanta da ta bara, sau biyu a shekara: kafin damina da bayanta.

Gadar Morbi a Indiya ta tsinke ranar 30 ga Oktoba 2022, mutum aƙalla 135 suka rasu, bincike kuma ya nuna 22 cikin sili 49 na igiyar da ta tsinke tsatsa ta riga ta ci su. Gadar Silver a kan kogin Ohio ta faɗi a Disambar 1967 da rayuka 46 saboda ƙaramar tsaga a ƙarfe guda na sarƙarta, wanda ba shi da mataimaki.

19. Wannan lissafin hannu ya isa, ko sai da kwamfuta?

Ya isa ga fitila, rumfa, ƙaramin bututu, da kuma gane ko amsar kwamfuta tana kan hanya. Manhajar lissafin gini irin su SAP2000 tana iya aikin, amma sai an saita ta a kan lissafin da ke bin canjin siffa, an kuma ba igiyar janta na farko. Idan aka bar ta a lissafin bim na yau da kullum, za ta nuna lotsawar da ba ta da ma'ana ko ta ce igiya na ɗaukar danni. Ɗalibi ya fara fitar da H da hannu, sannan ya duba ko na kwamfutar ya zo kusa.

Duk abin da mutane za su hau ko su zauna a ƙarƙashinsa, zanensa na buƙatar sa hannun injiniya mai rajistar COREN da gwajin ƙasar wurin turke. Kafin a buɗe, a jera buhunan yashi a kan daɓe, rabi tukuna sannan duka, ana auna lotsawa a kowane mataki ana duba jan fentin kilif. Bayan an sauke buhunan, a sake ɗaure noti, a rubuta lotsawar da ta rage da zafin ranar.